Daga cibiyar duniya ake fara awo

Ƙannena masu shirin WAEC da NECO, bari in nuna muku inda na yi tuntuɓe a fiziks ina ajin ƙarshe na sakandare a Argungu, don har yau abin yana yi mini ciwo.

Na haddace cewa g, wato ƙarfin jan duniya, goma ce, ban taɓa tambayar daga ina goman ta fito ba. Ranar jarrabawar gwaji aka ce mu nemo ƙarfin jan duniya a tsayin kilomita 6,400 daga doron ƙasa. Na ɗauko g = GM/r², inda G lamba ce da ba ta canzawa, M nauyin duniya, r kuma nisa, na zuba 6,400 a gurbin r, amsa ta fito 9.8, wato kusan goma, na ja mata layi biyu. Da takardata ta dawo, sai na ga malam ya zana da'ira da jan biro, ya yi ɗigo a tsakiyarta, ya ja layi daga ɗigon har ya fita waje. A bakin layin ya rubuta 12,800, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Ashe r nisa ne daga cibiyar duniya. Tun kana tsaye a bakin kogin Matan Fada, kusan kilomita 6,400 ne tsakaninka da cibiyar. Ka tashi sama wasu 6,400, nisa ya ninka biyu, kuma tunda da r sau r ake rabawa, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, wajen 2.5. Don Allah, kafin ku taɓa kalkuleta, ku zana da'irar nan.

Goman ma ta duniyarmu ce kaɗai. A kan wata 1.6 ce, a duniyar Mas 3.7. Buhun shinkafa mai kilo 50 ko ka kai shi duniyar wata, kilo 50 ɗinsa na nan, amma a kafaɗa za ka ji shi kamar kilo 8.

Na kuma daɗe ina gaya wa abokaina cewa 'yan sama jannati suna shawagi ne don babu jan duniya a can. Sai da na zauna na yi lissafin da hannuna na gane na ɓatar da su. Tasharsu ta ƙasa da ƙasa tana tsayin kusan kilomita 400, r ya zama 6,800, g kuwa wajen 8.7. Duniya na jan su sosai. Faɗuwa suke yi su da tashar tare, amma gudun da suke yi a kaikaice, kusan kilomita 28,000 a awa, shi ke sa suna ta kewaya duniya ba sa iso ƙasa.