Wasiƙa zuwa Damagaram: takardar tarar mota ba ta jiran wanda ya tafi ganin gida

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Birni, Zango, Sabon Gari, Garin Malam da sauran unguwannin Zinder. Muna gaishe ku daga Faransa, da fatan kowa na lafiya.

Maganar da ta sa muka ɗauki alƙalami ta shafi ƴaƴanku da ke tuƙi a nan, masu jigilar kaya, ɗalibai da ƴan kasuwa. Ta shafe ku ku ma, domin a gidajenku suke sauka idan sun zo hutu, wani wata biyu, wani uku. Sau da yawa wanda ya sha kaye a ƙarar tarar hanya a ƙasar nan bai kai ga tsayawa gaban alƙali ba. Kwanaki ne suka ƙare masa yana nesa, ko ya aika takardarsa ta hanyar da ba ta barin shaida.

A gida sammaci da ƙafa yake zuwa, wani lokaci ta hannun mai unguwa, kuma an san ƙofar gidan kowa. A nan na'urar kama gudu ce ke ɗaukar hoton lambar mota, cibiyar tarar mota da ke birnin Rennes ta buga takarda, gidan waya ya jefa ta a akwatin adireshin da ke rubuce a kart giriz, wato takardar rajistar mota. Daga ranar da aka aiko ta ake fara ƙirga, ko an buɗe ambulan ko ba a buɗe ba. Laifukan hanya a nan aji-aji ne. Laifin aji na 4, kamar wuce jar wuta ko riƙe waya ana tuƙi, Yuro 135 ne, wajen jika 88 na sefa. Wanda ya biya cikin kwana 15 zai ba da 90. Wanda ya bari kwana 45 suka wuce bai biya ba, bai yi ƙorafi ba, tararsa ta haura 375, kusan jika 246. Mai biya ta intanet ana ƙara masa kwana 15 a wa'adin biya, amma wa'adin ƙorafi yana nan 45.

Abu na farko da za ku gaya wa ɗanku: biyan tara amsa laifi ne. Da zarar kuɗin sun shiga, ƙofar ƙorafi ta rufe, kuma tunda farmin tuƙi a nan maki gare shi, za a zare masa maki idan laifin na zare maki ne. Mutane da yawa suna biya don a bar su su huta, da niyyar yin ƙorafi daga baya, sai su tarar babu hanya.

Ƙorafin ana aika shi ga jami'in gabatar da ƙara da aka rubuta adireshinsa a jikin takardar. Ba a kai shi ofishin ƴan sandan unguwa, ba a yin sa ta wayar tarho. Hanya biyu ce. Ko ta shafin intanet na ANTAI, hukumar da ke kula da takardun tarar mota, inda za a shigar da lambar takarda a ɗora hotunan shaida, ko ta wasiƙar rajista mai shaidar karɓa, wadda kowa ke kira letir rekomande. Mai bin gidan waya zai cike fom ɗin da ya zo tare da tarar, ya sa hannu, ya haɗa da ainihin takardar tarar, shi kuma ya ajiye kwafi. Za a ba shi ɗan rasit mai kwanan wata, daga baya katin da mai karɓa ya sa wa hannu ya dawo masa. Waɗannan ƙananan takardu biyu su ne shaidarsa duka. Wasiƙar da aka manna wa tambur kawai aka jefa a akwati, a tarar na'ura, ana iya ƙin karɓar ta ba tare da an dubi hujjar da ke ciki ba. Wanda ke Zinder kuwa ya bi ta intanet, ya adana saƙon tabbatarwa, ya buga shi a takarda.

Fom ɗin tarar na'ura gida uku gare shi, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Idan an sace motar, ko an kwaikwayi lambarta, ko an riga an sayar da ita, sai a haɗa shaidar kai ƙara wurin ƴan sanda ko takardar sayarwa da shaidar rajistarta. Idan aron motar aka ba wani, sai a rubuta sunansa, adireshinsa da lambar farminsa. Waɗannan biyun ba a ajiye kuɗi. Duk wani dalili daban, dole a ajiye kuɗin jingina daidai da tarar, Yuro 68 ko 135, a kuma rubuta dalilin a takarda dabam. Jingina ba biya ba ce, ana mayar da ita idan an yi nasara, amma katinta daban ne da katin biya, kuma wanda ya yi amfani da katin biya bisa kuskure ya amsa laifi ke nan. A karanta sau biyu kafin a danna.

Adireshi shi ne babban rami. Doka ta ba da wata guda a canza adireshin kart giriz bayan ƙaura, rashin yin haka ma tarar 135 ce. Ƴan uwanmu suna yawan sauya ɗaki, wasu suna karɓar wasiƙa a gidan aboki. Takardar farko ta tafi tsohon gida, ta biyu mai 375 ta bi ta. Ƙorafi kan wannan ta biyu kwana 30 ne, idan kuma da rajista aka aiko ta zuwa adireshin kart giriz, bayan wata 3 ba a sauraren kowa. Akwai sassauci guda: wanda ya nuna ya sanar da sabon adireshinsa kafin wata ukun su cika, tarar asali kawai zai biya cikin kwana 45. Idan duk an yi shiru, baitulmali na iya cire kuɗin daga asusun banki ko albashi, a kuma hana sauya sunan mai motar, wato ba ta sayuwa.

Wasiƙar rajista da ba ta iske mutum a gida ba kwana 15 take yi a gidan waya, sannan a mayar da ita. Ƙin zuwa karɓa ba ya tsayar da komai. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin ɗanku ya hau jirgin Yamai, ya ba amintacce wakilcin karɓar wasiƙa a gidan waya, ya bar masa makullin akwati, a riƙa ɗaukar hoton kowace takarda gaba da baya, har da ambulan mai hatimin kwanan wata, a turo ta WhatsApp. Saƙon tes da ke cewa a biya tara ta wani mahaɗi kuwa na ƴan damfara ne, ANTAI ba ta neman kuɗi ta tes.

Idan jami'in ya miƙa maganar ga kotu, alƙali na iya yanke hukunci a kan takarda ba tare da zama ba, a aiko da rajista. Mai ƙin amincewa yana da kwana 30. Ko kuma a aiko sammaci ta hannun wisiye, mai isar da takardun kotu, wanda tun 1 ga Yulin 2022 aka sauya masa suna zuwa kwamishinan shari'a. Zai nemi ba mutum hannu da hannu. In bai same shi ba ya ba wani mazaunin gidan, in babu kowa ya ajiye a ofishinsa ya aiko sanarwa. Tilas a sami aƙalla kwana 10 tsakanin isar da sammaci da ranar zama, ga mazaunin Nijar kuma ana ƙara wata 2. Ɗaukaka ƙara bayan hukunci kwana 10 ne kacal. A sani kuma, wanda ya faɗi a kotu ba a rage masa ƙasa da tarar asali, a aji na 4 tana iya kai 750.

Tarar rashin biyan kuɗin ajiye mota a titi hanyarta dabam tun 1 ga Janairun 2018. Ƙorafin farko wata guda ne, ga hukumar gari ko kamfanin da ta wakilta, tare da kwafin takardar da na kart giriz. Shirun wata guda ƙi ne. Daga nan sai kotun da ke Limoges, cikin wata guda.

Ku da ke gida, idan wisiye ya sallama da takardar ɗanku, ko taku ta kanku daga babbar kotun Zinder ko kotun ɗaukaka ƙara, don Allah kada a ce a dawo sai maigida ya zo, kada a tura ta ƙarƙashin katifa. A duba sunan da ke jiki, a tabbatar kwanan watan da ya rubuta shi ne na ranar, a karɓi kwafi. A nemi mai karatun Faransanci ya karanta a ranar, ya nuna layin da ke faɗin wa'adi, a ɗauki hoto a tura wa mai ita kafin a kwana.

Wassalam.
Ƴan uwanku ƴan Damagaram mazauna Faransa