Turmi ɗaya, riga biyu

Duk mai ɗinka kaya ya rataye a shago ya san lissafin: turmin atamfa yadi 6 ne, doguwar riga mai sauƙi tana cin 3, riga biyu ke nan. Amma da zarar ka ce sai furannin zanen sun haɗu daidai a ɗinkin gefe, ka ƙara hannu mai tattara, sai ta cinye yadi 4, ragowar kuma ba ya fitar da wata. Shi ya sa gab da Sallah shaguna ke cika da bubu iri ɗaya, tunda tana shiga siririya da mai jiki. Abin yana damuna ƙwarai. Gara a bar jikin rigar sakakke, a zuba basirar a wuya da bakin hannu, inda ƙyalle ma ya isa.