Mudu huɗu, ɗaya na masu bin bashi

Tunda idon Baba ya fara rauni, ni ke riƙe masa littafin bashi duk Asabar a rumfarsa ta Tudun Hatsi, nan Gombe. Muna zaune farkon Maris na 2025 rediyo yana ta maimaita cewa Shugaba Tinubu ya sa hannu a kasafin kuɗin shekara, naira tiriliyan 54.99. Baba bai ko ɗaga kai ba. Sai da aka gama ya ce, "A ciki nawa ne na masu bin bashi?"

Na duba waya na ce ya haura tiriliyan 14.

"Kai, yi mini da mudu."

Na cika mudu huɗu da masara, na jera a kan buhu, na ture ɗaya gefe, na ƙara masa ɗan tafin hannu daga na kusa. Na ce Baba, wannan ba a ma shiga gida da shi. A ragowar za a biya albashi, a ciyar da soja, a yi titi. Kuɗin lafiya da na ilimi ko an haɗe su ba su cika mudun da na ture ba. Alhali a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa lafiya kaɗai za ta riƙa samun kashi 15 cikin ɗari.

Ya daɗe yana kallon masarar, sannan ya ce, "Ba an ce an yafe mana ba?" Ya tuna daidai. A 2005, zamanin Obasanjo da ministar kuɗinsa Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar Paris Club ta ƙasashen da ke bin mu bashi ta yafe dala biliyan 18, muka biya kusan biliyan 12 aka rufe shafi. Shekara ashirin ke nan, ga mu mun sake cika littafi.

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bashin dala. Kafin Yunin 2023 gwamnati na canjin dala a kusan naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. Kamar ka ranci buhu ɗaya ne da damina, kaka ta yi a ce uku za ka mayar, kai kuwa gonarka ba ta ƙara ko kunya ɗaya ba. Zambiya ta kasa biya a 2020, Ghana ta bi sahu a 2022. A Kenya kuwa, da gwamnati ta ce talaka zai cike giɓin da sabon haraji a 2024, matasa har majalisa suka kutsa.

Baba ba ya ƙyamar bashi, shi ke cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma ba kowa yake rubutawa ba. Manomin da ya zo neman kuɗin taki, ba ya barinsa ya gama magana yake ba shi. Mai neman na biki kuwa sai dai ya sha ruwa ya yi sallama. Shi ya sa duk lokacin da na bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa na ga awaki kwance a kan dogo, nakan tambayi kaina wanne aka ranto da sunanmu, na taki ko na biki.

Na juye masarar cikin buhu. Baba ya miƙo mini littafin ya ce in buɗe shafin mai gidan biredin nan, yau wata uku ke nan yana cewa gobe.