Abin da binciken Kafanchan ya koya min

Duk wanda aka ba shi aikin rubuta tarihin wani gari da yawan mutanensa a ƙasar nan to ya shirya, don wahalar ba a tarihin take ba, a lissafin take. Ni Kafanchan na ɗauka a bincikena na kammala digiri nan Kaduna, kuma tambayar farko da malamina ya jefo min ita ce, mutum nawa ne a garin?

Wallahi sai ka ɗauka abu ne na minti biyar a intanet. Ka duba nan a ce maka kaza, ka duba can a ba ka wani daban, ba wanda zai gaya maka inda ya samo. Abin da ya sa kuwa, ƙidayar 2006 ita ce ta ƙarshe da muka yi, kuma da ƙananan hukumomi aka fitar da sakamakonta, ba gari-gari ba. Wato adadin nan na sama da 278,000 na ƙaramar hukumar Jama'a ne, wadda Kafanchan ke cikinta, gaba ɗaya har da ƙauyukanta, amma wasu sai su ɗauka su liƙa wa Kafanchan kawai. Ba a tambayi ƙabila ko addini ba ma a wannan ƙidayar, saboda haka duk mai ce maka su wane ne suka fi yawa a garin, ra'ayinsa yake faɗa. Ta 1973 soke ta aka yi, ta 2023 kuma aka ɗage.

Malamin ya ce min, kai yaro, bar adadi tukuna, je ka nemo abin da ya tara mutanen.

Nan aikin ya fara daɗi. Ƙasar mutanen Fantswam ce tun asali, sai reluwe ya zo, layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haɗe da Kaduna a 1927, wani reshe kuma ya balle daga Kafanchan ya nufi Jos saboda kuza. Da zarar wuri ya zama mahaɗar jirgi ai shi ke nan, direbobi, kanikawa, akawu, 'yan dako, masu sayar da abinci, Inyamurai da Yarbawa da Hausawa kowa ya kwaso iyalinsa, har shi kansa Sarkin Jama'a ya baro tsohon garinsa ya dawo Kafanchan a 1933. Na zauna da wani dattijo tsohon ma'aikacin reluwe a gefen tasha, ga taragai sun yi tsatsa ciyawa ta fito ta cikinsu, yana nuna min kwatas da sandarsa yana lissafa gidajen da aka bari a 1966 lokacin da mutanen gabas suka tafi. Wannan ba ya cikin kowane jadawali da na gani.

Yanzu jirgi ya yi sanyi amma garin bai mutu ba, ɗalibai da kasuwar citta suna riƙe da shi. A babi na huɗu dai adadin ƙaramar hukuma na sa, na rubuta ƙarara cewa na ƙaramar hukuma ne, malam ya sa hannu.