Ambulan ba ya zaman makoki

Ɗan ƙanwata ya sami aiki a Abuja bara, kuma abin da ya fara saya da albashinsa, bayan sabuwar waya, shi ne sabon layi. Tsohon layin da dangi da 'yan majami'a suka sani ya cire ya ajiye. Ya fice daga zauren WhatsApp na zumuntar matasa ba ko sallama. Da ya zo gida Kirsimeti na zaunar da shi na ce, ɗana, me ya yi zafi haka? Ya ce, "Kawu, na gaji. Duk wanda ya kira ni roƙo ne. Yau gudummawar aure, gobe anko, jibi wane yana asibiti. Ina tura zakkata ta waya, ina jin wa'azi a YouTube. Tsakanina da Allahna lafiya lau." Yana magana yana shafa waya da babban yatsa, ko ɗaga ido bai yi ba.

Na so in wanke shi tas. Abin da ya riƙe mini baki shi ne maganar nan tawa ce, ni ma na taɓa faɗinta ga wani dattijo. A zamanina babu layin da za a cire, katanga ake ginawa, ni kuwa na gina, har da fasassun kwalabe a samanta.

Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, tun daga iyaye. Ikkilisiyar da ta soma a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923 ita ta raine mu, kuma a ƙauyenmu ba mu san zumunci a matsayin darasin makarantar Lahadi ba, aiki ne ake yi da fartanya. Mutum ya kwanta ciwo da damina, za a sanar a majami'a, ranar da aka sa maza su fita gayya su nome masa gona. Aka yi rasuwa, kafin gari ya waye 'yan zumuntar mata sun cika gidan da itace da ruwa da gari, gidan makoki ba ya hura wuta don kansa. Da mahaifina ya karye a ƙafa ina ƙarami, dawar da muka ci a shekarar ba shi ya nome ta ba. Don haka ba zan ce ban sani ba. Na sani sarai.

Na koma Mubi ina saurayi, na kafa shagon kayan masarufi, Allah kuma ya sa albarka. Wanda ya san Mubi ya san kasuwa ce ta ƙasa biyu, 'yan Kamaru suna shigowa sari, ga kasuwar shanu da ke jawo mutane daga ko'ina. Cikin 'yan shekaru na zama ɗaya daga cikin waɗanda ake kira gaba in za a buɗe asusun gini. A nan ne wani ɗan'uwa a majami'armu, wanda muke zama benci ɗaya, ya zo da dare ya roƙi rance, wai zai sayo kaya ya biya bayan kaka. Na ba shi kuɗi masu nauyi, ba shaida, ba takarda, don ai ɗan'uwa ne cikin Ubangiji. Kaka ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ina ganinsa ran Lahadi da sabuwar shadda yana ɗaga hannu yana waƙa. Da na kai maganar gaban manya, sai aka ce in yi haƙuri. Haƙuri! Shi ba a ce masa ya biya ba, ni aka ce in yi haƙuri.

Daga ranar na sayi littafi mai bango baƙi. Duk wanda na yi wa alheri na rubuta, duk wanda ya zo sunan ɗana ko bai zo ba na rubuta. Kafin in je bikin wani sai na duba shafinsa. Sannu a hankali shafukan waɗanda ban ga dalilin zuwa wurinsu ba suka fi yawa, sai na gano dabarar ambulan. A yi aure, in sa kuɗi in aiki yaron shago. A yi haihuwa, ambulan. A yi mutuwa, ambulan mai ɗan kauri. Ba na rowa, wannan kam ko maƙiyina zai shaida. Ambulan nawa ya fi na kowa nauyi, kuma ban taɓa fashin zakka ko baiko ba.

Kuma a bar ni in faɗi gaskiya, ba duka laifina ba ne. Akwai mutanen da suka mai da majami'a gona, su ba sa shuka sai girbi. Akwai wanda ƙarfinsa ya fi nawa, amma kullum yana ƙofar shagona da labarin tausayi sabo fil. Manzo Bulus da kansa ya gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Na haddace wannan ayar, na haddace Galatiyawa 6:5 inda aka ce kowa zai ɗauki nasa kaya, ina jefa wa duk wanda ya zo yi mini nasiha. Aya ta 2 a wannan surar dai, wadda ta ce mu ɗauki nauyin juna, tana nan kaɗan a sama, a shafi guda, amma idona ba ya sauka a kanta. Har yau ina ganin ayar tawa ma gaskiya ce. Sai dai na yi shekaru ina ɗingishi da ita ita kaɗai.

Maiɗakina ba ta bi ni ba. Duk ranar zumuntar mata za ta ɗaura zanen ƙungiya ta fita, su je gaida marasa lafiya, su je gidan gwauraye, su dawo da yamma ƙafa duk ƙura. Nakan ce mata, ku dai ba ku da aiki sai kiɗan tulu da yawon gidajen mutane. Ba ta tanka mini.

Akwai wani kafinta cikin mawaƙanmu da ya rasu ya bar mata da yara ƙanana. Gidansa bai fi tafiyar ƙafa daga shagona ba. Ranar jana'iza mota ta kawo mini kaya, na ce ba zan bar shago ba, na aika ambulan. Yaron ya dawo ya ce matar ta gode ƙwarai, amma ta ce a gaya wa maigida da fuskarsa suka gani da ya fi musu. Na ji haushi. Na ce ga rashin godiya, fuskata za ta saya wa marayu masara? Na buɗe littafi na ja layi a ƙarƙashin sunan gidan.

Sai 2014. A watan Satumba Michika ta faɗa hannun Boko Haram, mutane suka kwararo Mubi da abin da suka iya ɗauka a ka, suna kwana a majami'u da makarantu da barandar shaguna. Wannan ne wurin da ba na son tunawa. Ina da ɗakuna a gidana da babu kowa ciki sai buhuna. Maiɗakina ta roƙe ni mu sauki ko iyali ɗaya. Na ce ba mu san su ba, lokacin nan ba a yarda da baƙo, wanda kuwa ba ƙarya ba ne, kowa yana tsoro. Na aika da shinkafa majami'a, aka karanta sunana aka tafa. Ƙofata dai ban buɗe ba.

Ranar Laraba, 29 ga Oktoba, 'yan Boko Haram suka shigo Mubi. A ranar ce kuma hedkwatar ikkilisiyarmu da ke Kwarhi ta faɗa hannunsu, har shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Garin da na yi arziki a cikinsa aka sauya masa suna. Na fita da rigar jikina da makullan shago a aljihu, makullan da ba su sake buɗe komai ba. Kuɗina suna banki, banki yana cikin garin da muke gudu daga gare shi. Muka bi daji ta wajen Maiha cikin dubban mutane, dawa ta nuna a gonaki babu mai girbi. Ƙafar maiɗakina ta kumbura a hanya. Ni da nake taƙama ina ɗaukar nawa kaya, na kasa ɗaukarta. Masu kiɗan tulun nan ne suka riƙe ta, wannan ta kama hannu, in ta gaji wata ta karɓa, suna raba ɗanyar gyaɗar da suka tona suna miƙo mini nawa rabo ba tare da an ce komai ba.

A Jimeta muka ga abin da ban zata ba. Bishop Stephen Mamza na Katolika ya buɗe harabar majami'ar Saint Theresa ga dubban 'yan gudun hijira, ba a tambayar ko kai Katolika ne, ko ma kai Kirista ne. Shi ne kuma daga baya ya gina wa waɗanda ba su iya komawa gida ba gidaje a Sangere-Marghi, har da masallaci don Musulmin da ke cikinsu, ya sha suka daga bakin wasu masu bi. Misalin Basamariyen nan na Luka sura 10 da muke karantawa tun muna yara, wanda ya ɗora mutumin da 'yan fashi suka yasar a kan jakinsa ya biya masa masauki, ban taɓa sa kaina a matsayin wanda ke kwance a bakin hanya ba. Kullum ni ne mai jaki da kuɗin masauki.

Ranar da aka kawo kayan agaji ga mutanenmu, an ce kowace majami'a ta rubuta nata, domin ana tsoron baƙin fuska. Yaron da ke riƙe da biro ya dube ni ya ce, "Baba, kai daga wace majami'a?" Na faɗa. Ya waiwaya ya tambayi na kusa da shi, suka kaɗa kai. Ba laifinsu ba ne. Sunana suka sani a jikin ambulan, ni kuwa ina shiga sujada a makare in fita kafin a gama gaisawa. Sai wata murya daga bayan layi ta ce, "Namu ne. Rubuta shi." Matar kafintan nan ce. Ba ta ƙara ko kalma ba, ta ci gaba da jijjiga yaron da ke bayanta.

Kada wani ya ɗauka can ɗin aljanna ce. Na ga wanda ya rubuta sunansa sau biyu, na ga wanda ya sayar da bargon agaji, na ga dattijo yana faɗa a kan sabulu. Abin da na daɗe ina faɗa game da halin mutane bai zama ƙarya ba. Abin da ya karye shi ne wani abu a cikina da ban san sunansa girman kai ba ne sai da na tsaya a layi da kwano. A ikkilisiyarmu muna wankin ƙafa kamar yadda Yesu ya yi wa almajiransa a Yahaya sura 13, ni kuwa na daɗe ina zille wa wannan sujadar. Na ɗauka ƙyamar taɓa kaushin wani ce. Ashe abin da ba na so shi ne wani talaka ya durƙusa ya riƙe tawa ƙafar, in tashi da bashinsa a wuyana. Bitrus ma abin da ya ƙi ke nan, Yesu kuwa ya ce masa in bai wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Bayarwa tana da daɗi, domin hannun mai bayarwa a sama yake.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari da yawa, ku matasa, amma da na tace su kaɗan suka rage, kuma na san rabinku ba ku karanto har nan ba.

Ka je da ƙafarka. Zumunci a ƙafa yake, ba a tura shi ta banki. In ba za ka iya zuwa komai ba, ka bar aure da suna, ka je jana'iza da asibiti. Ka zauna a tabarma ko da ba ka da abin faɗi. Wannan abin da kuke yi na sa hoton mamaci da 'yar alamar kyandir da haruffa uku a ƙasa, sannan ku wuce zuwa bidiyon barkwanci, ban san sunansa ba, amma ba gaisuwar mutuwa ba ce. Haka masu kai buhu ɗaya gidan marayu da mai ɗaukar hoto biyu. An ce kada hagunka ta san abin da damanka ke yi, ku kuwa duniya duka ta sani kafin marayan su dafa.

Kada ka ba duk wanda ya roƙa. Eh, na san abin da na gama faɗa yanzu, kuma na san Ubangiji ya ce a ba mai roƙo. Amma albashinka ba zai ɗauki ƙauye ba, kuma wanda ya ba kowa yau shi ne zai tsani kowa gobe. Ka ware abin da za ka iya, in ya ƙare ka ɗauki wayar ka ce, ɗan'uwa, wannan watan babu, yaya jikin Mama? A'a da bakinka ba ta kashe zumunci. Kashe waya ne ke kashe shi.

Ka bari a yi maka. In kana cikin matsala ka faɗa wa wani a majami'ar da kake zuwa, majami'a mai benci da mutane masu warin zufa, ba ta cikin waya ba. Mai wa'azin YouTube bai san sunanka ba, ba kuwa zai zo ya ce namu ne ba. Ku yaran yanzu kun iya rubuta damuwarku ga baƙi dubu, amma ku gaya wa dattijo ɗaya sai ku ce za a raina ku.

Batun rance kuma, kada ka ranta abin da ba za ka iya rasawa ba, in kuwa ya zama dole a rubuta, a sa shaida, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya. Mutumin nan nawa har yau bai biya ba. Mun haɗu a layin agaji a Jimeta, kowa da kwanonsa, muka gaisa kamar ba komai. Yanzu yana zama benci biyu a gabana, muna cin Jibin Ubangiji tare, na je jana'izar yayansa da ƙafata. Littafin mai baƙin bango ba ni na ƙona shi ba, kada a yaba mini, ya tafi ne tare da shago. Fasto ya tambaye ni ko na yafe, na ce ina kan hanya. Adadin kuɗin dai har kwabo yana kaina.