Wasan kwaikwayo a filin unguwa

Yau da la'asar ina ratsawa ta Rigasa na tarar da cincirindo a wani fili bayan makarantar firamare. Na ɗauka rabon wani abu ake yi, ashe wasu matasa ne ke wasan kwaikwayo kan rigimar mai gida da ɗan haya. Ba dandamali, ba tikiti, sai tabarma, benci da mai kalangu. Da mai gidan ya fara watso kaya waje, matar ɗan hayan ba ta yi magana ba, waƙa ta ɓarke da ita, kalangu yana amsa mata. Sai wata dattijuwa mai awara ta bar kaskonta a wuta ta kutsa tsakiyar fili: "Kai Alhaji, ka ji tsoron Allah! Da damina za ka kore su?" Yaron ko gezau, ya gyara babbar rigar aro ya ce, "To Inna, ke za ki biya musu?" Nan take musu ya kaure, masu gidaje da 'yan haya kowa na kare nasa.

Turawa na da opera, wasan da ake rerawa da waƙa, wanda ya faro a Italiya wajen 1600, kuma galibi sai ka yanki tikiti ka shiga katafaren zaure. Mu da muka tashi da tashe, kuma tun shekarun 1970 ɗaliban ABU Zariya ke kai wasa ƙauyuka, ban san yadda aka yi muka bar wa waya komai ba. Ni dai idan yaran nan za su zo layinmu, kuɗin mai kalangu a wuyana.