Koto mai rai, daga bakin tekun Kwatano zuwa Gamkalle

Shekara bakwai na yi ina jan babbar mota tsakanin Yamai da Kwatano, kuma duk wanda ya san wannan hanya ya san rabin aikin zaman jira ne. Ka ci kilomita dubu da ɗoriya, ta Doso da Gaya da Malanbil da Paraku, ka isa tashar jiragen ruwa a ce maka takardun kaya ba su fito ba. Wasu direbobi dara ke ɗebe musu kewa, wasu shayi. Ni kuwa ƙafa ta kai ni mashigar da ta haɗa tafkin Nokuwe da teku, gangaren kasuwar Dantokpa, inda masu fatsa ke jeruwa a kan duwatsu.

Kwana uku ina jefa ƙugiya da yankan mataccen kifi, ƙaguwa na cinyewa. Wani dattijo Basarke da ya daɗe a garin ya gaji da kallona, ya ce: "Ɗana, kai ƙaguwa ka zo ciyarwa? Babban kifi mai motsi yake so." Na ce: "To Baba, ina zan samu mai motsin?" Sai ya jawo wata igiya daga gefen dutse, ga butelin roba a ƙarshenta, ƴan kifaye na ta watsal-watsal a ciki.

Haɗin ba wuya. Butelin ruwa mai lita ɗaya da rabi za ka yanke wa kai, ka juya kan ya koma ciki kamar mazurari, ka ɗinke da waya. Ka huda jikinsa da ƙusa mai zafi don ruwa ya riƙa ratsawa yana fitar da ƙamshin koto, ka zuba tsakuwa don ya nutse. Koton kuwa jiƙaƙƙen burodi ne da aka cuɗa da kan kifi. A ruwa iya gwiwa ake ajiye shi, kusa da dutse ko ciyawa, bakinsa na duban inda ruwa ya nufa, domin ƙaramin kifi ƙamshi yake bi yana haurowa. In ya shiga, ba ya gane ƙofar fita.

Tarkona na farko teku ce ta koya mini hankali a kansa. Mu a Yamai kogi wata da watanni yake yi yana cika, haka ma janyewa. Can kuwa sau biyu a yini ruwa ke hawa ya sauka. Na ɗana da hantsi na tafi cin abinci, na dawo na tarar da buteli zaune a kan busasshen yashi, kifayen ciki sun sandare, ƙudaje na biki.

Na biyun ya fi yi mini ciwo, don haɗama ce ta jawo. Tarko uku na ɗana, suka kama wajen talatin, na juye su duka a bokiti guda na bar shi a rana. Kafin in gama ɗaura ƙugiya sun taso sama suna buɗe baki, can kuma sai ciki sama. Baba ya tsoma yatsa a ruwan, ya girgiza kai: "Ai kunu ka dama musu." Ruwa in ya ɗumama iskar da ke cikinsa raguwa take yi, ga baki talatin suna rabon ta. Tun daga ranar ba na wuce takwas ko goma a bokiti, a inuwa, ina sauya ruwa a kai a kai, kuma daga inda na kamo su nake ɗebowa. Mafi sauƙi ma ka huda bido ka ɗaure shi a cikin ruwan, su zauna a gidansu har ka buƙace su. Sauran da suka yi yawa, mayar da su nake yi.

Wajen sa ƙugiya, jiƙa hannu tukuna. A gadon baya ake soke ta, ƙarƙashin ƙayar sama, ba tare da an taɓa ƙashin baya ba. In ka taɓa, kifi ya shanye, ka koma gidan jiya da mushe. Da haka na kama barakuda ta farko, doguwa mai haƙora kamar na tsage. Ta biyu ta datse zaren ta tafi da ƙugiyata, sai na gane dalilin guntuwar wayar da Baba ke ɗaurawa a gaba.

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 ban sake ganin teku ba. Yanzu a Gamkalle, unguwar bakin kogi a Yamai, nake yi, da gura, tarkon kifi irin na masuntanmu, da dunƙulen dafaffiyar dusar gero, wadda a ganina ta fi burodi, don ba ta saurin narkewa. Kawara da ƴan karfasa nake nema saboda giwan ruwa. Ƙaramar tarwaɗa ta fi su jimiri nesa ba kusa ba, tun da tana shaƙar iska a sarari, amma sai ta nutse ta lafe a laka, ka yi ta zaman banza. Lokacin da ruwan kogi ke yin ja wur a Agusta ba na ɓata dusata, laka ce ke cika gurar. Na fi samu bayan cikar kogi ta Janairu ta fara ja da baya.

Makon jiya da asuba na ɗago gura, na zura hannu ban duba ba. Ashe minjirya ce ta kwana a ciki. Har na iso gida kafaɗata ba ta daina zugi ba, yaran bakin kogi kuwa sun riga sun laƙaba mini Mai Lantarki.